Ina Layin Yake? Masu Otizim da Alamomin da Jama'a Ta Yarda da Su

Laccar da aka gabatar a Farfaru, ƙaramar hukumar Jibiya, a gaban iyaye, malaman makarantu da masu unguwanni



Iyayenmu masu riƙe da sarauta, malamanmu na zaure da na boko, iyayena mata da ke can baya, 'yan'uwa matasa, sannunku da zama. Na san wani ya baro gona, wani ya baro rumfa a hannun yaro, don haka ba zan ja gaisuwa ba, ko da yake za ku ji cewa ita kanta gaisuwar tana cikin abin da ya tara mu yau.

Shekarun baya na ɗauki ɗan ƙanwata za mu je ta'aziyya Maraɗi. Shekararsa tara a lokacin. Yaro ne da bai buɗe baki ya yi magana ba sai da ya haura shekara huɗu, da ya fara kuma, maganar tasa ba ta da kwana. Muna isowa Magama aka tsaya duba takardu, sai na ce masa, "To, yanzu za mu fita Najeriya mu shiga Nijar." Ya leƙa ta taga, ya daɗe yana kallon ƙasa, sannan ya ce, "Kawu, ina layin yake?" Ashe a makaranta an nuna masa taswira da baƙin layi tsakanin ƙasashen biyu, shi yake nema. Na ce babu layi a ƙasa, amma ga tuta can. Ya dube ta ya ce, "Wannan ai ƙyalle ne."

Motar ta kaure da dariya. Wani dattijo a gaba ya ce, "Allah ya shirya." Ni kuwa kunya ta rufe ni, na harare shi, bai ma san na harare shi ba. Amma har muka wuce Ɗan Isa ina juya maganar a raina. Yaron nan bai faɗi ƙarya ba. Rairayin nan shi ne rairayin can, geron nan shi ne geron can, Hausar da direba ya yi a wannan gefe ita ya yi a wancan. Layin a kawunanmu yake, mu duka mun yarda yana nan, shi kaɗai ne ba a sanar da shi ba.

Ku mutanen bakin iyaka ba sai an ba ku tarihin wannan layi ba, amma bari in tuna mana. Kakanninmu ba su san shi ba. Da jihadi ya ci Katsina a farkon ƙarni na 19, sarakunan Haɓe arewa suka nufa suka kafa Maraɗi, shi ya sa har gobe Sarkin Katsina ake ce wa mai sarautar can. A 1890 Ingila da Faransa suka zauna a Turai suka ja layi a takarda, daga Sayi a bakin kogin Kwara zuwa Barruwa a bakin tafkin Cadi. Suka sake ja a 1898, suka gyara a 1904 da 1906, domin Faransawa sun yi ta ƙorafin an bar su da hamada, suna son hanya mai rijiyoyi zuwa Damagaram. Tsakanin 1906 da 1908 ne Tilho na Faransa da O'Shee na Ingila suka bi daji suna kakkafa alamomi. To wannan abu da babu shi a ƙasa, a watan Agustan 2019 aka rufe shi, ba a buɗe ƙofar Jibiya ba sai Afrilun 2022. Aka sake rufewa bayan juyin mulkin Yulin 2023 a Yamai, Najeriya ta buɗe a Maris ɗin 2024. Ƙasa ba ta gusa ko taku ɗaya ba, amma a tsakanin waɗannan ranaku akwai wanda ya kasa kai wa surukarsa buhun gero, akwai wanda jarinsa ya karye.

Haka kuɗi. Baƙo daga Kano ya shiga kasuwar Maraɗi aka ce masa dala ashirin, sai ya tsaya yana zare ido, don a jikin kuɗin 100 aka rubuta. Sai an gaya masa cewa dala ɗaya sefa biyar ce, jika kuma sefa dubu, alhali shi a gidansu ya ji tsofaffi suna kiran naira 200 jaka. Babu wanda ke cewa wannan baƙo dolo ne. Ɗan canji zai zaunar da shi ya yi masa lissafi, gobe ya iya. Kuma dukanmu mun ɗanɗana irin wannan ruɗani a farkon 2023, lokacin canjin takardun naira 200 da 500 da 1,000: takardar da jiya ta sayi tiyar masara, yau mai shago ya ce ba ya karɓa, jibi Kotun Ƙoli ta ce a ci gaba da karɓa. Ku tuna yadda zuciya ta riƙa tafasa a kwanakin nan, kana riƙe da abu a hannu amma ba ka san me yake nufi a wurin mutumin da ke gabanka ba. Akwai 'ya'yanmu da haka suke kwana, haka suke tashi, kuma ba a kasuwa ba, a tsakar gidan iyayensu.

Likitoci suna kiran wannan hali otizim. Gidajen rediyonmu sun saba cewa galahanga. Ni ba na son kalmar, domin duk wanda ya ji ta abin da ke zuwa masa shi ne wani soko mai yawo baki sake, kuma da yawa daga cikin waɗannan bayin Allah ba haka suke ba. Zan yi amfani da ta likitocin. Ba sabon abu ba ne. Wata likita a Mosko, Grunya Sukhareva, ta bayyana shi tun wajen 1925. A 1943 Leo Kanner na asibitin Johns Hopkins a Amurka ya rubuta bayanin yara 11 da ya duba, a 1944 Hans Asperger ya rubuta nasa a Biyana. An daɗe ana ɗauka ciwon Turawa ne, har wani mai bincike, Victor Lotter, ya zaga wasu ƙasashen Afirka, har da Najeriya, ya buga a 1978 cewa ya tarar da shi a nan ma. Hukumar Lafiya ta Duniya ta taɓa ƙiyasta kusan yaro 1 cikin 100. Ku lissafa yaran makarantar firamare ɗaya a nan, ku ga ko maganar ta shafe mu.

Da shi ake haihuwar yaro, ya shafi yadda ƙwaƙwalwa ke ginuwa, kuma gado yana da babban kaso a ciki. Ba sammun kishiya ba ne, ba don uwa ta yi wanka da magariba ko ta watsa ruwan zafi a tsakar gida ba ne. Kada ku ce mu kaɗai muke ɗora wa uwa laifi: Turawa ma sun shafe shekaru suna cewa sanyin zuciyar uwa ke jawo shi, sai da bincike ya rushe zancen bayan an gama ƙona wa mata da yawa rai. Allurar rigakafi ma ba ita ba ce. Likitan Ingilan da ya yaɗa wannan magana a 1998, Andrew Wakefield, mujallar da ta buga aikinsa ta janye shi a 2010, aka kuma soke sunansa daga rajistar likitoci. Masu otizim iri-iri ne. Akwai wanda ba ya magana sam kuma sai an kula da shi har girma, akwai mai farfaɗiya a haɗe, akwai kuma wanda ya yi digiri yana aiki, sai dai a ce masa murɗaɗɗe ko mai baƙin hali.

To mene ne haɗinsa da alamomi? Ku dubi jariri mai wata tara ko goma. Uwa ta kalli ƙofa, shi ma ya kalli ƙofa. Ta nuna akuya da yatsa, ya bi yatsar da ido, ya dawo ya kalli fuskarta ya ga ko abin dariya ne ko na tsoro. Kafin ya cika shekara biyu shi ma yana nuna abu da yatsa don kawai a gani tare da shi. Wannan ita ce makarantar farko, makarantar fuska, ba allo ba bulala, kuma a nan ake koyon yawancin abin da muke kira hankali. Yaro mai otizim hankalinsa bai cika karkata ga fuska haka ba. Ya fi karkata ga yadda haske ke ratsa zana, ko yadda tayar keke ke juyawa. Sai darasi dubu ya wuce shi ba tare da kowa ya lura ba. Ranar da ya kai shekara bakwai aka fara tuhumarsa da rashin ladabi, ana tuhumarsa ne da faɗuwa jarrabawar da bai san an yi karatunta ba.

Mu Hausawa kuwa, Allah ya yi mu da son lulluɓe magana. Ku bi ni mu ƙirga kaɗan daga abin da muke yi daga safe zuwa dare. Ka dawo daga gona ƙafa na rawa, aka ce "Ina gajiya?" ka ce "Ba gajiya." Ɗan ƙanwar nan tawa, in aka tambaye shi, sai ya tsaya ya duba jikinsa, ya ce, "Akwai gajiya, a ƙafa." Ka shekara ba ka ga mutum ba, ka ce masa "Kwana biyu." Kana fita daga zaure kana cewa "Ina zuwa." A kasuwa an taya kayanka da arha, ka ce "Albarka," ma'ana ban sayar ba. Almajiri ya yi bara, aka ce "Allah ya ba da haƙuri," ma'ana babu. Kana cin tuwon da bai ishe ka ba, baƙo ya shigo, ka ce "Bismillah," kai ka san bai kamata ya zauna ba, shi ma ya sani, ya ce "Alhamdu lillahi." Yaron nan an taɓa yi masa irin wannan tayi a gidan maƙwabta, ya wanke hannu ya zauna ya cinye kwanon tas, ya yi godiya ya tashi. Aka kai ƙara gida, aka ce ba shi da kara. Da aka tambaye shi ya ce, "Shi ya ce in ci."

Mafi tsanani shi ne gatse. Uwa ta ga yaro yana wasa da ruwan randa, ta ce, "Yawwa, ci gaba, zubar da shi duka, ka ji ko!" Kowane yaro ya ji muryar ya san a daina ake nufi. Shi wannan kalmomin ya ji, ya tuntsurar da randar. Ya yi biyayya, ya sha duka. Ku tsaya ku auna abin da wannan ke koya wa zuciyar yaro: in ya ƙi bin magana a doke shi, in ya bi a doke shi. Wasu daga nan suke daina amsa kira, wasu su fara dukan kansu da bango, mu kuma mu ce iska ta taɓa su.

Ga alkunya. Uwa ba ta faɗin sunan ɗan fari, mace ba ta faɗin sunan miji, yaron da ya ci sunan kaka sai a ce masa Abba ko Mai Sunan Malam. Babu inda aka rubuta wannan. Yaro mai otizim zai tsaya a tsakiyar taron suna ya ce, "Inna, me ya sa ba kya faɗin sunan Yaya? Kin manta ne? Sunansa wane." Ga wasan taubasai da na ƙabilu, Bafulatani da Babarbare, Bakano da Bazazzagi, Bagobiri da Bayarabe, jika da kaka. Kaka ta ce, "Kai mijin nan nawa rago ne, na sake ka," kowa ya yi dariya, shi ya fashe da kuka ko ya tsaya yana gardama cewa shi bai taɓa aure ba. Ga habaici, ga hannunka mai sanda, ga harara da ƙifta ido da gyaran murya, waɗanda uwa ke juya gida da su in akwai baƙi ba tare da ta furta kalma ba. Ba ina kushe waɗannan abubuwa ba ne, su ne gishirin zamanmu, kuma ni kaina ba zan so zama a garin da aka ce "Ina gajiya?" mutum ya hau lissafa ciwon gwiwarsa ba. Abin da nake so mu yarda da shi kawai shi ne, irin dala ashirin ɗin nan ne. Yarjejeniya ce, kuma ana iya koyar da ita da baki.

Akwai wani wuri da al'adarmu ta sha bamban da ta Turawa, kuma ina roƙon malamai da ma'aikatan asibiti su riƙe shi. A littattafan can, babbar alama ita ce yaro ba ya kallon idon mai yi masa magana. To a nan, yaron da ya tsare babba da ido shi ne fitsararre. Wanda ya sunkuyar da kai shi ne ɗan gidan mutunci. Saboda haka al'adarmu ta yi wa mai otizim sauƙi a wannan gefe, ba a tilasta masa abin da ke yi masa nauyi. Amma ta wani gefe ta ɓoye shi, musamman 'ya mace. Yarinya ba ta magana, ba ta kallon kowa, ba ta shiga ƙawaye, tana ɗaki tana jera kwanoni, sai a ce, "Wance akwai kunya, mijinta ya huta." Ba a gane komai ba sai an kai ta gidan miji, ta faɗa cikin kishiyoyi da dangin miji inda rabin zance habaici ne, ta kasa gane wa ke wasa wa ke faɗa, wata uku a ce ba ta da kirki ko aljanu sun shafe ta. Ƙididdiga ta nuna ana gano maza ninki uku zuwa huɗu fiye da mata, kuma masana da yawa suna ganin wani ɓangare na wannan tazara rashin ganowa ne.

Muna cewa labarin zuciya a tambayi fuska. Ga waɗannan yara karin maganar nan takan yi ƙarya. Ranar ta'aziyyar nan ta Maraɗi, yaron bai yi kuka ba, fuskarsa kamar ba a yi komai ba, har ya tambayi ƙarfe nawa za a ci abinci. Wata gwaggo ta ce zuciyarsa dutse ce. Bayan mun dawo, wata guda cur, kullum da la'asar sai ya ɗauko tabarmar da mamacin ke zama a kai in ya zo gidanmu, ya shimfiɗa a inda ya saba, ya zauna a gefe, magariba ta yi ya naɗe. Wa ya kasa karanta wa a nan?

Wani masani ɗan Ingila, Damian Milton, wanda shi kansa mai otizim ne, ya kawo wannan hujja a 2012. Ya ce an daɗe ana cewa masu otizim ba sa gane zuciyar mutane, amma mutanen ma ba sa gane tasu, don haka matsalar ta ɓangare biyu ce. A jami'ar Edinbara, Catherine Crompton da abokan aikinta sun gwada abin da mutum 72. Aka jera su layi-layi, mutum takwas a kowane layi, a ba na farko labari ya gaya wa na biyu, har ya kai ga na ƙarshe. Layin masu otizim zalla ya isar da labarin daidai da layin sauran mutane, inda aka gauraya su ne labarin ya fi zubewa. An buga wannan a 2020. Gaskiya ta sa in ƙara cewa da suka maimaita da mutum fiye da 300 ba su ga wannan zubewa a layin gauraye ba, amma abu ɗaya ya tsaya a duka gwaje-gwajen biyu: masu otizim ba su gaza kowa isar da labari ba. Ku da kuke ganin Bakatsine da jandarma mai Faransanci suna fama da juna a bakin shinge, kun san in magana ta ƙi shiga ba a cewa ɗaya ne kurma. Tafinta ake nema.

Kuma kada a ɗauka ba sa son ƙa'ida. Da yawansu sun fi mu son ta, in dai an faɗe ta a fili kuma ba ta canzawa da fuskar mai faɗa. Shi ya sa za ka ga irin wannan yaro ya riƙe lokutan salla kamar agogo, ya san adadin raka'o'i, in liman ya yi mantuwa shi ne zai fara magana. Wani ya haddace lambobin motocin da ke ɗaukar kaya zuwa Maraɗi, ya bambance ta Najeriya da ta Nijar tun daga nesa. Wani hadda ke yi masa sauƙi a makarantar allo. Alamar da ke da ma'ana ɗaya tak abokiyarsu ce. Wadda ke wahalar da su ita ce mai fuska biyu, wadda yau take nufin e gobe take nufin a'a. Sai dai in ja kunne: ba kowane ne ke da wata baiwa ta ban mamaki ba, kuma kada mu tashi daga ce masa mahaukaci mu koma ce masa waliyyi, mu riƙa kai masa mata yana tofa musu addu'a. Duka biyun hanyar gudun ɗawainiyarsa ce.

Masu kiwo da dillalan kara, ga naku. Akwai wata Ba'amurkiya, Temple Grandin, an haife ta a 1947, ba ta yi magana ba sai da ta wuce shekara uku, yau farfesa ce ta ilimin dabbobi a jami'ar jihar Kolorado. An rasa dalilin da shanu ke turjewa a hanyar shiga wurin wanka ko mayanka, ana ta duka da tsawa. Ita sai ta shiga hanyar da kanta, ta sunkuya daidai idon saniya, ta ga abin da kowa ya wuce: inuwa a ƙasa, sarƙa mai lilo, ƙyallin ruwa, riga da wani ya rataya. Aka cire su, shanu suka wuce salin-alin. Yau manyan mayanka da yawa a Amurka da tsarinta suke aiki. Mu mukan ga abin da muka saba gani. Ita takan ga abin da ke wurin, kamar dai yaron da ya ga ƙyalle a inda muka ga Najeriya. Ta kuma sha faɗin cewa mahaifiyarta ta koya mata gaisuwa da ladabin cin abinci ɗaya bayan ɗaya, a fili, kamar darasi.

Nan nake tsaye ni ma. Ban ce a bar yaro ba gaisuwa ba, domin a ƙasar Hausa wanda bai iya gaisuwa ba an rufe masa ƙofofi da yawa. A koya masa, amma irin koyarwar ɗan canji. "In aka ce ina kwana, ka ce lafiya lau. In aka ce ina gajiya, ka ce ba gajiya, ko da ka gaji, don ba tambaya ba ce, gaisuwa ce. In ka gaji da gaske, ka zo ka gaya mini ni." "In maƙwabci ya ce bismillah, ka ce alhamdu lillahi. In ya sake faɗa har sau uku ya miƙo maka ruwan wanke hannu, to da gaske yake." A maimaita yau, a maimaita gobe. In ana son ya daina abu, a ce "daina," a ajiye gatse. Wanda ba ya magana a gwada shi da hoto ko da abin kansa, a nuna buta in lokacin alwala ne, a nuna kwano in na abinci ne. In za a canza masa abin da ya saba, tafiya ce ko baƙi ne, a gaya masa tun da wuri. In ya toshe kunne a gidan biki ko kusa da janareta, ƙarar ce ke yi masa zafi kamar yadda hayaƙin barkono ke yi mana a ido, a fitar da shi. In yana kaɗa hannu ko yana lilo da jiki, yana kwantar da hankalinsa ne, in ba ya cutar da kowa a ƙyale shi. Ana cewa icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Gaskiya ne, amma wanda ya taɓa yin gwangwala ya san ba da gatari ake tanƙwarawa ba. Babu maganin sha ko na turare da ke cire otizim. Wanda yaronsa ya kai shekara biyu ba ya waiwayowa in an kira sunansa, ba ya nuna abu da yatsa, ba kalma ko ɗaya, ya kai shi asibiti a Katsina a fara duba kunnensa, a ga likitan yara. Kuma tun Janairun 2019 akwai dokar tarayya da ta haramta nuna wa masu buƙata ta musamman wariya, har da a makaranta.

Saura magana ɗaya, ita ce ta fi hana ni barci. Kun san halin da ƙasar Jibiya ta shiga a shekarun nan na 'yan bindiga, kun san yadda ake kallon baƙuwar fuska da yadda kalmar infoma ke tashi kamar wutar daji. Ku ɗauki saurayi mai shekara 18, jikinsa na babba, ya bi hanya ya ɓace zuwa wani ƙauye. An tsayar da shi a shinge da dare, an haska masa tocila, ana daka masa tsawa. Ba ya kallon kowa. An ce "Daga ina?" ya maimaita "Daga ina?" domin wasunsu haka suke mayar da magana. An taɓa kafaɗarsa ya fizge, ko ya ruga da gudu saboda hayaniya. Kowace ɗaya daga cikin waɗannan, a idon mai tsaro, alamar rashin gaskiya ce. A wurinsa kuwa tsoro ne kawai. Ba sai na ƙarasa muku yadda irin wannan dare ke iya ƙarewa ba.

Yaro na farko a cikin 11 ɗin nan na Kanner sunansa Donald Triplett, daga wani ƙaramin gari mai suna Forest a jihar Misisifi. Yana yaro in zai ce "ni" sai ya ce "kai." Ya girma a garinsu, ya yi aiki a bankin garin shekaru fiye da 60, ya tuƙa mota, ya zaga ƙasashe, ya rasu a 2023 yana da shekara 89. Iyayensa masu hali ne, har suna da hannu a bankin, ba zan ɓoye wannan ba. Amma waɗanda suka bi tarihinsa sun nuna cewa abin da ya fi riƙe shi shi ne garin ya san shi, kowa ya san halinsa, kuma baƙon da ya zo nemansa sai an gargaɗe shi kada ya cuce shi. Wannan ba ya buƙatar banki. Farfaru ba ta kai girman da za a ce ba a san ɗan wane ba.

Don haka iyayena masu unguwanni, roƙona gare ku ne. Kowa ya san gidajen da ke da irin waɗannan yara a unguwarsa, har da waɗanda aka kulle a ɗaki don gudun bakin mutane. Ku je ku zauna da iyayen. Ku gabatar da yaran ga 'yan sintiri da masu tsaron shinge da direbobin tasha, da rana, ido na ganin ido, a ce wannan ɗan gidan wane ne, ba ya amsa tambaya, kada a yi masa tsawa, in an gan shi a kira wannan lamba. Iyaye kuma ku rubuta sunan unguwa da lambar waya a ɗinke a cikin aljihun rigarsa, da boko da ajami, tunda ƙafa ɗaya ya ɗaga ya shiga wata ƙasa. Ranar 2 ga Afrilu ce Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware domin masu otizim, tun 2008 ake yin ta. Ina roƙon kafin ta zagayo a ce kowace unguwa a mazaɓar nan ta gama wannan aiki.